Ido Biyu, Hoto Ɗaya: Tarihin Gilashin da Ake Manna wa Ƙwayar Ido

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Bara, ƙanwata tana ajin ƙarshe a jami'a, ta gaji da tabarau ta ce za ta koma kontak lens, wato gilashin nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Ta ɗauki hoton takardar tabaraunta ta tura wa wata mai sayarwa a intanet, bayan kwana uku kaya suka iso. Gani dai garau. Amma kullum da la'asar sai ciwon kai ya taso mata, idan ta daɗe a kan littafi sai layi ya hau kan layi, rannan har ta kuskure matakalar bene ta gurɗe ƙafa. A gida kowa ya kawo nasa fashin baƙin: wani ya ce waya ce, wata ta ce kambun baka ne. Da muka je wurin likitan ido, ya rufe mata dama ta karanta, ya rufe hagu ta karanta, kowanne lafiya lau. Ashe matsalar ba ta cikin ido ɗaya, tana tsakanin idanun biyu ne. Wannan ne ya sa na shiga tone-tone, na tarar labarin ya kai shekara dubu.

Kafin mu tafi, ku gwada wani abu. Ku miƙa yatsa a gaban hancinku, ku zuba wa bangon da ke bayansa ido. Yatsan zai zama biyu. Ku dawo da kallonku kan yatsan, sai ya koma ɗaya, abin da ke bayansa kuma ya rabu biyu. Yawwa. Tsakanin idanunmu akwai tazarar kamar santimita 6, don haka kowanne da hoton da yake ɗauka. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa su, kuma daga ɗan bambancin da ke tsakaninsu take gane nisa da zurfi. Da shi tela yake zura zare a allura, da shi mai shayi yake ɗaga kofi sama ya zuba bai zubar ba.

Wanda ya zauna ya yi wa wannan al'amari gwaji na tsanaki shi ne Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajejen shekarar 965, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Ya samo allon katako, ya fafe gefe ɗaya yadda hanci zai shiga, ya ja layuka a kai, ya kafa 'yan sandunan kakin zuma masu launi daban-daban. Yana matsar da su yana lura da inda abu yake zama ɗaya da inda yake rabuwa biyu. Abin da ya fitar shi ne, kafin a ga abu ɗaya tak, sai hotonsa ya faɗa a wuraren da suka dace da juna a cikin idanun biyu. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar da za ta biyo baya a kansa take. A 1838 Charles Wheatstone na Ingila ya ƙera na'urar da ke nuna wa kowane ido zanensa daban, mutum ya ga abu ya taso kamar ya taɓa. A 1858 kuma Peter Panum, ɗan ƙasar Denmak, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da ɗan uzurin da take yi: idan saɓanin hotunan kaɗan ne za ta haɗa su, idan ya wuce iyaka sai ta saki, mutum ya ga abu bibbiyu.

To mene ne astigmatizim? A gaban ido akwai wata fata garai-garai da ake kira koniya, ita ce take yin mafi yawan aikin tattara haske. Idan komai daidai ne, lanƙwasarta kamar ta ƙwallo take, ko'ina ɗaya. A wurin mai astigmatizim kuwa kamar bayan cokali take: ta wannan fuska ta lanƙwashe sosai, ta waccan kaɗan. Sai haske ya kasa taruwa a ɗigo ɗaya. Fitilar mota da daddare ta riƙa jan wutsiya, haruffa su yi inuwa, na kusa dishi-dishi, na nesa ma haka.

Thomas Young, likitan nan na Ingila da ya taimaka wajen warware rubutun Misira ta dā, shi ya fara bayyana abin a 1801, kuma a idonsa ya gano. Ya cika wani ɗan bututu da ruwa, ya toshe bakinsa da gilashi, ya kifa idonsa a ciki don ruwan ya soke aikin koniya. Matsalar ba ta tafi ba, sai ya gane tasa daga madubin cikin ido take. Young ya gano ciwon, amma bai yi masa tabarau ba.

Wanda ya yi wannan shi ne George Airy. Duk wanda ya saba jin ana cewa "agogon GMT" a rediyo ya taɓa cin karo da aikinsa, domin da na'urar hangen taurarin da ya kafa a Greenwich aka tsayar da layin da duniya take auna lokaci da shi. Yana saurayi a Cambridge ya lura cewa idan yana karatu ba ya amfani da idonsa na hagu sam. Idon yana buɗe, amma ƙwaƙwalwarsa ta yi watsi da hoton da yake kawowa, sai in ya tilasta mata. Ya auna, ya yi lissafi, ya sa wani maƙerin gilashi mai suna Fuller a garin Ipswich ya goga masa gilashi mai ƙarfi biyu, ya gabatar da sakamakon a 1825 yana da shekara 23. Sunan astigmatizim ɗin ma abokin aikinsa William Whewell ne ya raɗa daga baya, daga Girkanci, ma'anarsa "babu ɗigo". Kun ga ke nan tun ranar farko, labarin astigmatizim labarin ido biyu ne: ɗaya ya gaza, ƙwaƙwalwa ta sallame shi ba tare da ta sanar da mai shi ba.

A 1864 Franciscus Donders na ƙasar Holan ya fitar da babban littafinsa kan kurakuran gani, wanda ya mayar da auna tabarau ilimi mai ƙa'ida. Shi ne ya nuna cewa tsokar da ke gyara gani don kallon kusa da tsokokin da ke karkato idanu ciki tare suke aiki, shi ya sa yaron da idonsa yake wahala wajen tattara haske yake iya zama mai harara-garke. A Faris kuma akwai Émile Javal, injiniyan ma'adinai da ya koma karatun likita saboda harara-garken da ke gidansu, mahaifinsa da ƙanwarsa duk suna da shi. A 1881 shi da Hjalmar Schiøtz ɗan Norwe suka fito da na'urar auna lanƙwasar koniya mai sauƙin aiki a asibiti. Javal ya ƙare rayuwarsa a makance saboda gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido.

Sai dai tabarau ya zo da tasa fitinar. Gilashin yana zaune ne kamar milimita 12 daga ido, kuma duk gilashin da ke da tazara da ido yana ƙara wa hoto girma ko ya rage. Na astigmatizim kuwa ta fuska ɗaya kawai yake jan hoton. Idan na dama ya ja ta nan, na hagu ya ja ta can, ƙwaƙwalwa sai ta fassara saɓanin a matsayin zurfi, alhali babu shi. A shekarun 1930, a Cibiyar Ido ta Dartmouth da ke Amurka, Adelbert Ames da Kenneth Ogle sun yi ta gwaji a kan wannan, har da wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da ganyaye. Da an sa wa mutum gilashin da ke faɗaɗa hoton ido ɗaya, sai ya ga ɗakin ya karkace, ƙasa ta zama gangare. Duk wanda ya taɓa karɓar sabon tabarau ya ji kamar ƙasa tana gudu daga ƙafarsa, ya san abin da nake nufi. Maganin a lissafi mai sauƙi ne: a kawar da tazarar, a ɗora gilashin a kan idon kansa.

Tunanin ya daɗe. Tun a shekarun 1820 John Herschel ya kawo shawarar a yi ɗan ƙoƙon gilashi, a cika shi da wani abu mai kauri garai-garai, a kifa a kan koniyar da ba ta da santsi. Ba a aikata ba sai 1888, lokacin da Adolf Fick a birnin Zurich ya gwada a idon zomaye, ya gwada a nasa, sannan a kan marasa lafiya. A shekarar dai Eugène Kalt a Faris ya yi amfani da irinsa ga masu koniyar da ta tsiro kamar tulluwa. A 1889 wani ɗalibin likita a Jamus, August Müller, ya sa aka yi masa nasa, amma bai iya wuce rabin awa da shi ba saboda azaba. Ku tuna fa, gilashi ne na gaske, mai nauyi, ya rufe har farin ido, iska ba ta ratsa shi. A 1936 William Feinbloom ya shigo da roba cikin sana'ar, a 1948 kuma Kevin Tuohy a Kalifoniya ya fito da ƙarami wanda ya tsaya a kan koniya kaɗai.

Waɗannan masu taurin suna da wata baiwa. Da yake ba sa lanƙwasa, hawaye ne suke cike gurbin da ke tsakaninsu da koniya, sai su shafe kusan duk rashin daidaiton. Gilashin ya juya yadda ya ga dama, gani bai canza ba. Matsalarsu ɗaya: kamar tsakuwa a ido, kafin a saba sai an sha wuya.

Nan ne Otto Wichterle ya shigo, kuma a duk mutanen nan shi ya fi burge ni. Masanin sinadarai ne a Chekoslobakiya, zamanin gurguzu. Shi da Drahoslav Lím suka samar da wata roba mai shan ruwa ta yi laushi, suka wallafa a mujallar Nature a 1960. Hukumomi ba su ga abin kirki a batun gilashin ido ba. A Kirsimetin 1961, a gidansa, ya haɗa na'ura da ƙarafunan wasan yara da dainamon keken ɗansa, ya juya robar a cikin ɗan mazubi, ya fitar da guda huɗu na farko. Gwamnati ta sayar da haƙƙin ƙirar ga wani kamfanin Amurka, a 1971 kamfanin Bausch & Lomb ya fito da shi kasuwa, aka yi ta kwasar dala. Shi kuwa mai ƙirar, da ya sa hannu a takardar neman sauyi ta 1968, bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga Prague sai aka tsige shi daga shugabancin cibiyar da ya kafa. Sai a 1990, bayan gurguzu ya faɗi, aka zaɓe shi shugaban cibiyar kimiyya ta ƙasar.

To amma an gudu ba a tsira ba. Mai laushin nan kwanciya yake a kan koniya kamar jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauki siffarta, don haka astigmatizim ɗin yana nan daram. Dole a gina gyaran a cikin gilashin kansa, wanda ake kira torik, kuma sai a 1978 aka amince da na farko a Amurka. Ga inda gizo ke saƙar: gyaran astigmatizim yana da alƙibla, ana auna ta da digiri daga 0 zuwa 180. Tabarau hanci da kunne suna riƙe da shi. Shi kuwa wannan a kan hawaye yake iyo, fatar ido tana tura shi duk ƙiftawa, sau goma sha wani abu a minti. Idan ya goce da digiri 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran ya tafi. Idan ya kai digiri 30, tamkar ba a yi gyaran ba.

Dabarar farko ita ce a kaurara ƙasan gilashin, a sirantar da samansa. An ɗauka nauyi ne yake zaunar da shi, daga baya aka gane yawanci matsin fatar ido ne. Ku matse ƙwallon kankana tsakanin yatsu biyu, ta gefen mai kaurin zai tsere. Haka fatar ido ta sama take tura gefen mai kauri ƙasa. Dabara ta yi, sai dai duk gilashin da gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri ya zama firizim, shi kuma firizim aikinsa gusar da hoto. Ma'auninsa, wanda Charles Prentice ya kawo a 1890, shi ne: firizim 1 yana gusar da abin da ke nisan mita 1 da santimita 1. Irin waɗannan gilasan sukan ɗauki kamar 1 zuwa 1.5.

Ƙaramin abu ne, ko? Ku saurara. Idanunmu gwanaye ne wajen karkatowa ciki, suna iya jure firizim 20 ko fiye, domin aikinsu ke nan kullum idan muna karatu. Amma ɗaya ya kalli sama kaɗan ɗaya ya tsaya, wannan ba su iya ba, abin da suke jurewa bai wuce 2 zuwa 3 ba. Idan idanun biyu suna sanye da iri ɗaya, hotunan tare suke gusawa, babu rigima. Idan kuwa ido ɗaya ne mai astigmatizim, aka sa masa mai firizim, ɗayan aka sa masa na kullum, to hoto ɗaya ya hau sama ya bar ɗan'uwansa. Yawancin mutane ƙwaƙwalwarsu tana sabawa, ba su ma san an yi ba. Amma wanda dama yana da ɗan ɓoyayyen saɓani da tsokokinsa suke dannewa, wannan ƙarin sai ya cinye ɗan rarar da yake da ita. Da safe ya jure, da la'asar tsoka ta gaji. Abin da ya sami ƙanwata ke nan.

Masu ƙira sun ga wannan, suka fito da wasu hanyoyin: a sirantar da sama da ƙasa duka, ko a kai kaurin gefen dama da hagu, ko a tura shi can baki-baki yadda tsakiyar da ake gani ta ciki ba za ta ɗauki firizim ba. Irin wannan aka canza wa ƙanwata, cikin mako ciwon kan ya ɗauke. Wani abin sha'awa, likitoci sukan juya lahanin ya zama magani, su sa mai firizim da gangan ga wanda idonsa ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya tsawo.

Akwai wani sauyin kuma da ba a cika faɗa ba. Mai matsalar hangen nesa, tabaraunsa yana ɗan rage masa aiki idan yana karatu. Ranar da ya koma kontak lens wannan tallafin ya tafi, dole idanunsa su ƙara karkatowa ciki, su ƙara matsa tsokar kallon kusa. Wanda matsalarsa ta kallon kusa ce, shi kuma sauƙi yake samu. Shi ya sa takardar tabarau ba ita ce takardar kontak lens ba. Sai an auna lanƙwasar koniya, an sa gilashin, an jira ya zauna, an duba 'yar alamar da ke jikinsa a ga inda ya goce, sannan a gwada idanun biyu a buɗe tare.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya na ɗan lokaci, da aka buɗe sai aka tarar ƙwaƙwalwa ta daina sauraron wannan idon, alhali idon lafiyarsa ƙalau. Babbar kyanwa kuwa ba ta yi haka ba. Aikinsu ya ba su kyautar Nobel a 1981. A 1970 Colin Blakemore da Grahame Cooper suka raini 'yan kyanwa a inda babu abin gani sai layuka masu fuskantar gefe ɗaya, suka tashi ba sa gane layukan ɗaya gefen da kyau. Ba a jima ba aka ga irin haka a mutanen da suka girma da astigmatizim mai ƙarfi ba a gyara ba: ko an ba su gilashin da ya dace da girma, ganin wata fuskar ba ya cika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku dawo da wannan gida. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum aƙalla biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki abu ne da za a iya karewa ko ba a kai ga magance shi ba. Yara nawa ne a ajujuwanmu masu cunkoso suke zaune a baya suna ƙanƙance ido, ana ce musu daƙiƙai? Yaron ba zai yi ƙorafi ba, domin bai taɓa ganin duniya ta wata siffa ba. Airy ma, da duk lissafinsa, sai da ya girma ya gane ido ɗaya yake aiki da shi. Ga kuma ƙaiƙayin idon nan da ke addabar yara a wurare masu zafi da ƙura irin namu, wanda yawan murza ido saboda shi yake da alaƙa da tsirowar koniya, cutar da Kalt ya yi wa gilashi a 1888. Har gobe mai taurin ne yake ceto ganin irin waɗannan.

A gefe guda kuma muna da masu launi da ake sa wa amare, ana saye a Instagram, wani lokaci mai kwalliya ta sa wa wannan ta cire ta sa wa waccan. Don Allah a bari. Kada a wanke da ruwan famfo ko na rijiya, akwai ƙwayar cutar da ke zaune a ruwa mai cin koniya. Kada a kwana da shi sai wanda likita ya ce. Lokacin hunturu, idan ƙura ta yi yawa, a koma tabarau, ba faɗuwa ba ce.

Abin da nake roƙo guda uku ne. Yau ɗin nan ku sa ƙannenku su rufe ido ɗaya su karanta kalandar bango, su canza ɗayan, in akwai bambanci a kai su awo. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA yana Kano, manyan asibitocin jihohi ma suna da sashen ido. Na biyu, mai sa kontak lens da ke fama da ciwon kai ko ganin abu bibbiyu, ya gaya wa likita a duba yadda idanun suke aiki tare, musamman in ɗaya ne kawai yake da torik. Na uku, mu da muke cikin ƙungiyoyin matasa, idan mun tashi kai wa makarantun unguwa alli da littattafai, mu nemi masu awon ido su raka mu.

Wanda ya taɓa fuskantar irin abin da ƙanwata ta fuskanta, ya ba mu labari a ƙasa. A tura wa wanda zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.